Jan Fenti a Ƙofar Sa'adiya

Sa'adiya na cikin kewaye bakin wata 'yar hular jarirai da farin zare ta ji hayaniya ta taso daga bakin layi. Da farko ba ta ɗaga kai ba, don a Agege hayaniya ba labari ba ce. Ko direban danfo, bas ɗin haya, ne ya taka wa wani kaya, ko mata ne ke cacar baki a gindin famfo. Sai da ta ji ana dukan ƙofar shagon Sale tela da wani abu mai nauyi, ga muryoyin maza suna tashi da Yarabanci, sannan kwarashin ya tsaya a hannunta.

Ta ɗaga gefen labule kaɗan. Maza ne, sun kai biyar ko shida, babu mai kaki a cikinsu. Ɗaya na riƙe da gwangwani, wani ƙato na gaba yana nuna ƙofofi da sanda. Suna baro shagon Sale ta ga sandar ta juyo ta nuna tagarta.

Ba ta san lokacin da ta saki labulen ba. Ta zura sakata, ta sungumi 'yarta Habiba daga kan tabarma, ta shige lungun da ke tsakanin gado da bango ta durƙusa. Yarinyar ta buɗe baki za ta yi kuka, ta danna mata nono da sauri. Ɗakinsu shi ne na farko a dogon gidan hayar, shi kaɗai ne ƙofarsa da tagarsa ke kallon titi. Mijinta Khamisu kuwa yana kan hanya, ya tafi Arewa ɗauko albasa da motar ubangidansa, ba a sa ran ganinsa sai ƙarshen mako.

Aka buga ƙofar, aka sake bugawa. Wani ya yi magana, sauran suka yi dariya. Daga nan sai ta ji wani abu yana gogar katakon a hankali, sama zuwa ƙasa, sannan a gicciye. Warin fenti ya shigo ta ƙarƙashin ƙofa. Ta yi ta maimaita Hasbunallahu a zuci har muryoyin suka yi gaba, suka dushe.

Abin da ke ranta shi ne abin da ke ran duk wanda ya zauna a layin nan tun shekarar da sojoji suka miƙa mulki. A ƙarshen shekarar ne faɗa ya ɓarke tsakanin Hausawa da Yarabawa a kasuwar Ketu. Khamisu ya kwana a ƙarƙashin wata tirela, ya dawo gida ba takalmi, ya yi kwanaki ba ya iya cin abinci. Ridwanu, ɗan maƙwabciyarsu Inna Baiwa mai fura, wanda ke dako a kasuwar, bai dawo ba sam. Tun daga lokacin, ko tayar mota ce ta fashe a titi sai ka ga mata sun tattara 'ya'yansu.

Inna Baiwa ce ta fara ƙwanƙwasa mata, tana kiran sunanta ƙasa-ƙasa. Da Sa'adiya ta buɗe sai ta ga matan gidan sun tsaya cirko-cirko, ba mai kallonta, duk ƙofar suke kallo. Wani babban gicciye ne ja, fentin bai ma bushe ba, yana zirara ƙasa. A ƙarƙashinsa an rubuta wasu haruffan boko da lambobi.

Nan da nan labari ya haɗu. An shafa wa shagon Sale, an shafa wa rumfar mai shayi, da ta mai sayar da magani, da ƙofar Malam Alu mai goro. Duk Hausawa. Gidan wani lauya Bayarabe da ke kan kwana kuwa ba a taɓa shi ba. Wani saurayi ɗan okada ya ce shi yana jin masu karɓar haraji ne, ya taɓa ganin irinsu a Mushin. Aka tambaye shi ina kakinsu, ina motarsu, aka yi watsi da maganarsa. Wata mata ta ce an gaya mata haka aka yi a wata unguwa, da rana a sa alama, da dare a zo. Ba wanda ya tambaye ta wace unguwa ce, ko wa ya gaya mata. Mai gidan hayar, wani dattijon Bayarabe da kowa ke kira Baba, wanda da ya san abin da ake ciki, ya tafi Abekuta biki.

Inna Baiwa dai tana gefe a tsaye. Ta daɗe tana kallon jan fentin, ta juya ta shiga ɗakinta ta tura ƙofa.

Sa'adiya ta tsaya tana tunanin me ya sa ita. A duk gidan nan mai ɗakuna fiye da goma, ƙofarta kaɗai aka zaɓa. Ba ta da abokin faɗa, ba ta fita sai awon asibiti ko sayen zare. Ta ji idan ta zauna jiran dare a ɗakin nan zuciyarta za ta buga kafin kowa ya zo. Mutum ɗaya ta sani wadda ta yi boko kuma ta yarda da ita, wato Kachollom, 'yar Filato da ke ɗakin ƙarshe, wadda ke aikin buga takardu a wani shagon kwamfuta a Ilupeju. Sa'adiya ba ta iya karatun boko ba, amma idonta ya saba kwaikwayon zane. Ta yage kwalin zare, ta ɗauki tsinken kwalli, ta kwafe haruffan ɗaya bayan ɗaya kamar yadda suke a ƙofar. Ta goya Habiba, ta ja mayafi ta fita.

A cikin danfo ta takure a kujerar baya. Da yaron mota ya miƙo hannu ta ba shi kuɗi ba ta ce uffan ba, ba ta ma nemi canjinta ba, don kada a ji harshenta. Kowa a motar harkar gabansa yake yi. Wani na wa'azi da littafi a hannu, wata na ɓare gyaɗa tana zubar da ɓawon ta taga. Wannan ma ya ƙara mata tsoro, don Khamisu ya ce mata ranar Ketu haka gari ya waye lafiya lau, har ya sha shayi da burodi. A Oshodi ta sauka ta bi ta cikin turmutsutsun mutane, hannunta ɗaya a bayanta yana riƙe da ƙafar Habiba, har ta sami motar da za ta kai ta Ilupeju.

Shagon na saman wani bene, janareta na ruri a ƙasa. Samari sun cika kujeru, kowa ya ƙura wa allon kwamfuta ido. Kachollom na ganinta ta miƙe, don Sa'adiya ba ta taɓa zuwa wurin ba.

"Maman Habiba, lafiya? Wani abu ya samu Baban Habiba ne?"

Sa'adiya ta girgiza kai, ta miƙa mata kwalin, ta ba ta labari. Kachollom ta duba, ta juya kwalin, ta ce ba ta tabbata ba, bari ta nuna wa oga. Ogan wani gajeren mutum ne mai tumbi da ke cin shinkafa a kan teburinsa. Ya kalli kwalin sau ɗaya ya kwashe da dariya, ya yi wa Kachollom bayani da Turanci yana nuna ƙofar shagonsa da cokali. Sa'adiya ta waiwaya. A can sama, kusa da makulli, akwai ragowar wani tsohon jan gicciye da aka kankare.

Kachollom ta ce mata masu harajin ƙaramar hukuma ne. Haka suke yi wa duk shagon da bai biya kuɗin izinin kasuwanci ba. Lambar ta shagon ce, haruffan kuwa na ofishinsu. Idan mutum bai je ba cikin 'yan kwanaki, sai su dawo su garƙame ƙofa da kwaɗo.

"To ai ni ba ni da shago," in ji Sa'adiya.

Kachollom ta sake duba kwalin. Sai ta dafe goshi. Allon nan ne, ta ce, allon da ta manna mata a taga.

Saƙar dai ba sana'a ba ce a wurin Sa'adiya. A Malumfashi ta koya wurin yayar babanta, kuma da ta zo Ikko ta tarar da kanta ita kaɗai a ɗaki mako-mako, sai ta ɗauko kwarashi don ɗebe kewa. Tana saƙa huluna da safa na jarirai da marufin tebur, ta kai wa masu haihuwa barka. Daga baya mata suka fara cewa a saƙa musu su biya kuɗin zare, suna ɗora ɗan wani abu a kai. Kachollom ce ta ɗauki hotunan kayan wata rana, ta aika wa yayarta da ke aikin jinya a Ingila ta kwamfuta. Yayar ta nuna wa abokan aikinta, suka ce suna so. Sau biyu ana ba wani matafiyi ƙunshin huluna ya kai, kuɗi ya zo ta hannun Kachollom. Don murna ne Kachollom ta buga sunan Sa'adiya da manyan haruffa, da hoton hula a gefe, ta lulluɓe takardar da leda ta manna a taga. Khamisu ya ce a cire, shi ba ya son abin da zai ja ido. Sa'adiya ta ce to, amma ba ta cire ba, don ba ta taɓa ganin sunanta a rubuce haka ba.

Da ogan ya ji zancen Ingila sai ya ajiye cokali. Ya ce ashe babbar 'yar kasuwa ce, mai fitar da kaya waje. Irin wannan ai gwamnati na da kasonta, kuma a yi hankali, don yanzu duk wanda kuɗi ke zo masa daga waje ta hanyar kwamfuta 'yan sanda na ɗaukarsa ɗan damfara ne sai ya wanke kansa. Yana faɗa yana murmushi, amma da Kachollom ta fassara mata, Sa'adiya ba ta ga abin murmushi ba. Tsoron farko bai gama sauka ba wani ya hau kansa. Ta hango kanta a bayan motar 'yan sanda da goyo, ta hango Khamisu ya dawo ya tarar da kwaɗo a ƙofa, ana ce masa matarsa ce ta ja.

Kachollom ta roƙi ogan ya ba ta rabin yini. Ya yi ƙunƙuni, ya ce za a cire a albashinta, ta ce ta ji.

Ofishin harajin wani dogon ɗaki ne mai benci biyu da fanka ɗaya da ba ta juyawa. Mutane sun cika shi, masu shaguna da masu rumfuna, kowa na fifita da abin da ke hannunsa. Wani mai walda na ta rantsuwa cewa ya biya, an ce ya kawo shaida. A kusurwa an tara kekunan ɗinki da sikeli da wani injin niƙa, kowanne da takarda a ɗaure, kayan waɗanda ba su biya ba. Sa'adiya ta kalli tarin ta kau da kai. Can a bakin wata ƙofa ta hango ƙaton nan mai sanda yana shan ruwan leda, akwai ɗigon ja a hannun rigarsa. Ta matsa jikin Kachollom, ta juyar da goyonta bango.

Azahar ta wuce kafin layi ya zo kansu. Matar da ke bayan teburin babba ce, da tabarau a kan hanci da ɗaurin kai irin na Yarabawa. Kachollom ta fara bayani da Turanci, matar ta ɗaga hannu ta tsayar da ita, ta dubi Sa'adiya.

"Ke ce mai ɗakin? To ki yi magana da bakinki, ina jin ki."

Hausa ce tsantsa, har da karin Zazzagawa. Sa'adiya ta yi sororo. Matar ta ce mata a Tudun Wadan Zariya aka haife ta, a Kaduna ta yi aure, ta yi aiki shekara da shekaru, bara waccan ta dawo nan. Ba ta faɗi dalili ba, Sa'adiya kuma ba ta tambaya ba, don kowa ya san rikicin da aka yi a Kaduna a shekarar.

Sa'adiya ta ce wallahi ita ba 'yar kasuwa ba ce, ɗebe kewa take yi. Matar ta tambaye ta ko ana ba ta kuɗi in ta saƙa, ta ce ana ba ta. Ko akan rage wani abu bayan kuɗin zare, ta ce akan rage. Ko akwai allo a taga mai kiran masu saye, ta sunkuyar da kai.

Matar ta ce to a wurinsu wannan ciniki ne, ko mai yinsa ya kira shi wasa. Ba laifi ba ne, ba kuma wanda zai kama ta. Hanya biyu ce. Ko ta cire allon ta daina karɓar kuɗi, a aiko mai dubawa ya tabbatar, a soke lambar. Ko kuma ta biya kuɗin izini na masu ƙaramar sana'a a gida, wanda shi ne mafi ƙanƙanta a jerinsu, sau ɗaya a shekara, a ba ta rasit, duk wanda ya zo ta nuna masa.

Kachollom ta taɓa ta da gwiwar hannu alamar ta yi shiru haka nan, amma Sa'adiya ta ga gara ta ji komai yau. Ta faɗi zancen Ingila da kwamfuta, da abin da ogan ya ce. Matar ta cire tabarau ta tambayi ko huluna nawa ne. Da ta ji, sai ta ce wannan ba teburinta ba ne, kuma ba ta jin akwai ɗan sandan da zai bar ɓarayin gari ya bi hular jarirai. Amma idan abin ya girma har ya zama ana aikawa kowane wata, to akwai ofishin jiha mai karɓar harajin abin da mutum ke samu, gara ta je da ƙafarta kafin a zo nemanta. Ta ce wa Kachollom ta riƙa adana duk takardar da kuɗi ya zo da ita.

Sa'adiya ta auna hanyoyin biyu a ranta. Idan ta cire allon, magana ta ƙare, Khamisu ma ba sai ya ji ba. Sai ta tuna yadda ɗakin yake idan ya tafi, da yadda mata ke tsayawa a taga su tambayi kuɗin safa, hira ta ɓarke har la'asar. Ta kwance bakin zanenta. Abin da ke ciki bai kai ba, Kachollom ta cika mata.

Matar na cikin rubuta rasit ta tambaya, ba tare da ta ɗago ba, me ya sa take rawar jiki haka tun da ta shigo, ko wani ya taɓa ta ne. Sa'adiya ta gaya mata abin da mutanen layinsu suka ɗauki jan fentin. Alƙalamin ya tsaya. Matar ta daɗe tana kallon takardar, sannan ta ƙwala wa ƙaton kira. Ya zo yana goge baki. Ta yi masa magana da Yarabanci, muryarta ƙasa-ƙasa amma da zafi. Ya ɗaga kafaɗa ya ba ta amsa, ya koma inda yake. Ta ce wa Sa'adiya wai ya ce haka ake yi tun kafin a ɗauke shi aiki, kuma jan fenti kaɗai aka ba su.

Ta buga hatimi da ƙarfi, ta ƙara wani layi da hannunta a bayan rasit ɗin, ta sa hannu.

"Ba ni da motar da zan aika, 'yar uwa. Ki yi sauri ki koma. Ki ba wa babba a cikinku ya karanta wa mutane kafin magariba."

Tun daga bakin titi Sa'adiya ta ga layin ya canja. Shaguna a rufe, har waɗanda ba a shafa wa komai ba. Wata Bayarabiya mai soya ƙosai a kan kwana ta kwashe kaskonta, wutar ma ba ta tsaya kashewa ba. A gidan lauya an rufe get, wasu samari na leƙe ta saman katanga. A ƙofar masallaci kuwa maza sun taru, ba sa magana da ƙarfi, kuma ta lura da yawansu sun jingina wani abu a bango kusa da hannunsu, wani gora, wani ƙarfen taya. Kowane ɓangare ya ga ɗayan yana shiri, shi ma ya shiga nasa.

Ba ta taɓa tsayawa a gaban taron maza ba. Ta tsaya a bakin kwata. Kachollom ta ce ita ba za su saurare ta ba, Sa'adiya ce tasu, ita ce kuma mai ƙofar. Sa'adiya ta gyara mayafi ta ratsa, idanu na binta, har gaban Malam Alu mai goro, wanda shi ne dattijon layin. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta miƙa masa takardar da hannu biyu.

"Baba, daga ofishinsu nake. Haraji ne. Na biya nawa, ga shaida."

Malam Alu ya juya takardar, ya miƙa wa wani malamin makarantar firamare da ke cikin taron. Malamin ya karanta gaba, ya karanta baya, ya fassara da ƙarfi: jan gicciye alamar kuɗin izinin shago ce, ba ta da wata ma'ana bayan wannan, mai shakka ya zo ofis gobe. Wani ya ce takarda ai kowa na iya rubutawa. Malam Alu ya tambayi Sa'adiya ko ta ga mutanen da idonta a can, ta ce ta ga babbansu, har da fentin a rigarsa, yana shan ruwa. Ɗan okadan nan ya ce ai tun safe ya faɗa. Sale tela ya soma tambayar nawa ta biya, da ya ji cewa na masu shago ya fi haka sai ya fara zagin ƙaramar hukuma, yana cewa kwatar layin nan tun zamanin soja ba a yashe ta ba. Wasu suka yi dariya, irin dariyar da ba ta kai ciki ba. A hankali aka soma ɗauke gorori ana shigar da su gida. Malam Alu ya sa takalminsa, ya ce malamin ya biyo shi da takardar su je gidan lauya su yi sallama.

Sai a lokacin Sa'adiya ta miƙe. Ta shiga gida, ta tarar da ɗakuna uku da kwaɗo. Na Inna Baiwa na ciki. Wata yarinya ta ce mata sun tafi bakin titin jirgi, inda motocin shanu ke juyawa Arewa ba kaya.

Ta miƙa wa Kachollom Habiba, ta tafi da sassarfa. Motar na nan, doguwar tirela mai warin kashin shanu, an shimfiɗa buhuna a ciki, mata da yara sun zauna a kan ƙullin kayansu. Labari ya riga ta isowa. Wasu na sauke kaya suna faɗa da yaron mota kan kuɗin da suka biya, wasu sun tsaya ƙafa ɗaya a sama ɗaya a ƙasa. Inna Baiwa na can gaba, ta jingina da katako, ƙwaryar furarta a kife a cinya.

Sa'adiya ta kama ƙarfen motar ta ɗaga murya ta gaya mata duka, ofishin, da matar Zariya, da hatimi, da yadda Malam Alu ya tafi gidan lauya. Ta ce ba komai, wallahi ba komai, allon tagarta ne ya ja, ta sauko su koma gida.

Inna Baiwa ta saurare ta har ta gama. Ta matso bakin motar a kan gwiwoyinta.

"Na ji, 'yar nan, na kuma yarda. Tun ɗazu aka faɗa mana. Da na shiga ɗaki da safe in haɗa kaya, sai na ga ashe a haɗe suke. Tun na Ridwanu ban kwance su ba, ni ce ban lura ba. Yau haraji ne. Ni kuwa ba ni da ƙarfin jiran ranar da ba shi ba ne."

Sa'adiya ta ƙara riƙe ƙarfen motar. Ta ce to ko ta bari Khamisu ya dawo ya kai ta da motarsu, cikin mutunci, ba a motar shanu ba. Inna Baiwa ta yi ɗan murmushi, ta ce idan ta sauka yau ba za ta sake samun zuciyar hawa ba.

Direba ya tayar da mota, hayaƙi ya turnuƙe. Inna Baiwa ta laluba bakin zanenta ta ciro makulli, ta sunkuyo ta sa a hannun Sa'adiya, ta riƙe hannun ɗan lokaci. Ta ce a ba wa Baba mai gida idan ya dawo, a ce masa ta gode, bai taɓa ɗaga mata murya ba. Motar ta fara mirginawa, Sa'adiya na bin ta a gefe.

"Akwai furar yau a bayan ƙofa, ban fita da ita ba," in ji Inna Baiwa. "Ki buɗe ki raba wa yaran gida kafin ta yi tsami."